Ƙanƙarar Umma

A cikin birnin Kano ƙanƙara jari ce. Duk wanda ya ratsa lungunan Yakasai ko Mandawari da la'asar a watan azumi zai ga yara riƙe da robobi suna bin gida-gida, tambayarsu guda: "Akwai ƙanƙara?" Bayan kowane zauren da aka amsa musu, akwai macen da ke rufa wa kanta asiri da sanyin firjinta. Mahaifiyata na cikin waɗannan mata. Da cinikin ƙanƙara da zoɓo take zubin adashi, da adashin kuma aka biya mafi yawan kuɗin karatuna.

Azumin 2024 ya kama daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, a nan ne kuma firjin ya fara yi mana gardama. Umma takan ƙulla ruwa a leda tun dare ta jera. Idan aka buɗe da la'asar, sai a tarar da ɓawon ƙanƙara a waje, ciki kuwa ruwa ne zalla. Mai saye ya latsa, ya ajiye, ya wuce gidan gaba. Kwana biyar a jere ba ta haɗa kuɗin zubi ba. Ba ta ce komai ba, amma na ga ta fito da atamfarta ta ajiya tana jujjuyawa.

Mai gyaran da muka kira dattijo ne marar gaggawa. Ya kasa kunne ga injin, ya shafa robar ƙofa, sannan ya ce, "Hajiya, firjinki bai mutu ba, wahala ce ta yi masa yawa." Wutar da ake kawowa ba ta da ƙarfi, injin ya yunƙura ya kasa tashi, ya yi ta ɗaukar zafi. Robar ta saki, iskar ɗaki na shiga. Ƙurar hunturu ta lulluɓe ƙarafan baya, ga shi an manna shi da bango saboda ƙuncin ɗaki. Ya kuma gargaɗe mu kada a kankare dusar ciki da wuƙa, domin huda ɗaya ta isa ta zubar da gas ɗin duka.

Abin da na karanta a aji sai ya dawo mini da sabuwar fuska. Sauke zafin ruwa daga digiri 30 zuwa sifili aiki ne, amma daskarar da shi bayan nan yana cin kusan ninki uku na wannan aikin. Shi ya sa wutar awa biyu, a ɗauke, a maido, ba ta haifar da ƙanƙara. Janareto kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da zai sha ya fi ribar da za a samu.

Muka canza roba, muka sayi sitabilaiza ta hannu, muka janye firjin daga bango. Sauran dabarar daga Umma ta fito. Ta ce a riƙa kwanar da ruwan a randa kafin a ƙulla, a kuma ƙanƙanta ƙullin. Randa tana tsatsafo, iska ta busar da danshin ta tafi da zafi. Wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina tukunya cikin tukunya a kanta, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Ruwan da ya shiga firji da sanyinsa ya ɗan rage wa inji gudu.

A goman ƙarshe ƙanƙara ta fara kamawa har tsakiya. Umma ta cika zubinta kafin Sallah, atamfar ta koma akwati. Maƙwabciyarmu ba ta yi wannan sa'ar ba. Injinta ya ƙone a mako na biyu, kuɗin sabo ya fi ƙarfinta, yau firjin nata tukwane ake ajiyewa a ciki. Idan ana lissafin asarar rashin wuta, masana'antun Sharaɗa da Bompai ake ambata. Ban taɓa jin an ƙirga irin tata ba.