Tukunyar Ɗan Akuya a Ƙasar Gwarzo

A hutun Kirsimeti na shekarar 2023 muka tashi daga Kano mu huɗu, dukanmu malaman makarantar ikkilisiya, domin mu gai da 'yan'uwa a wani ƙauye kusa da Gwarzo. Hunturu ya yi ƙarfi a makon nan, hazo ya rufe ko'ina, ba a ganin rimi sai an zo dab da shi. Daga Kano zuwa Gwarzo kimanin kilomita 70 ne. Hanyar ta bi ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta wuce Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo, sa'an nan ta miƙe yamma har Dayi a Jihar Katsina.

Muka ratse cikin Kabo saboda sautu. Uwargidan da za mu sauka wurinta ta aiko mana saƙo, kada mu zo hannu sake, mu riƙo mata citta da kanumfari da masoro da kimba. Mai kayan yajin yana ƙullawa yana dubanmu, ya ce, "Malamai, mai jego gare ku?" Muka ce, "A'a Baba, sanyi muke gudu." Ya yi dariya ya ƙara mana gyara. Muna tafe muna tunani a kan ƙullin nan. Yawancin cittar da muke ci daga kudancin Kaduna take fitowa, wajen Kachia da Kwoi. Kimba ta kurmi ce. Kanumfari kuwa sai ya haye teku daga wurare irin su Zanzibar kafin ya iso kasuwar ƙauye.

Amma akuya tamu ce. Daga Kabo har Gwarzo an gama girbi, an saki dabbobi cikin gonaki, jajayen awaki suna ta kiwo tsakanin karan dawa. Fatar irin waɗannan awaki ce fatake suka riƙa ɗauka daga Kano su ƙetare hamada da ita, har Turawa suka sa mata sunan Maroko, gama ta can take isa gare su.

Mai masaukinmu dattijon ikkilisiya ne, an haife shi cikin Maguzawa, ya karɓi Almasihu yana da 'ya'ya uku. Mun tarar ya ɗaure wani jan taure a gindin ɗorawa. Bayan mun sha ruwa mun yi addu'a, sai ya aiki jikansa ya kira maƙwabcinsa, wani malami Musulmi, ya zo da wuƙarsa ya yanka. Ƙaramin cikinmu bai ji daɗin wannan ba. Da malamin ya tafi ya ce, "Baba, akuyarka ce, gidanka ne, bikinmu ne. Ashe hannun Kirista ba ya yanka?" Tsohon ya ce, "Ɗana, bari tukunya ta nuna tukuna."

To, ga yadda Mama ta yi, ko uwayen gida masu karatu za su so su gwada. An babbake kai da ƙafafu a wutar kara, an kankare su fes. Ta wanke kayan ciki sau uku, tumbi da hanji dabam, hanta da ƙoda dabam. Ta ɗora babbar tukunyar ƙasa, ta fara zuba kai da ƙafafu da ƙashi, gama su ne masu taurin nuna. Ta daka kayan yajin da tafarnuwa da attarugu da daddawa, amma kimba sai ta fasa ta kawai ta jefa, ta ce 'ya'yanta suna sa ɗaci. Ba ta sa mai ba, kitsen tauren ya isa. Hanta ce ta shiga daga baya. Da za ta sauke, ta tsinko ɗoɗɗoya a bayan ɗaki ta watsa a kai ta rufe. Tun azahar tukunyar nan take kan murhu, ba a buɗe ta ba sai da rana ta faɗi.

Ba za mu ce romon nan magani ne kamar na asibiti ba. Amma wanda ya sha ludayi biyu cikin sanyin nan zai ji gumi ya karyo masa, hanci ya buɗe. Ba mu kaɗai muka san wannan ba: mutanen tsibirin Taiwan ma da sanyi sukan kewaye tukunyar naman akuya da aka dafa da citta da saiwoyi. Mu da waina muka ci namu, muna tsomawa, a kan tabarma gefen wuta.

Kafin mu sa hannu, Mama ta jera akussa shida ta cika su, yara suka ɗauka zuwa gidajen maƙwabta. Sa'an nan tsohon ya juya ga ɗan'uwanmu. Ya ce, "Ina yaro, ubana yakan yanka ɗan akuya, ja ko baƙi, gwargwadon wanda iskan yake so, ya zuba jinin a wurin tsafi. Babu Musulmin da zai taɓa naman. Da na tuba, mutanen garin nan ba su san ko na bar wancan yanka da gaske ba. In na yanka da hannuna, mu kaɗai za mu ci. In Malam ya yanka, akushina zai shiga gida shida. Da Babbar Salla kuma nasu yakan shigo nan."

Ɗan'uwanmu ya ce, "Amma Baba, kullum mu ne muke sunkuyawa." Ba mu tsauta masa ba, gama abin da ya faɗa yana yi wa matasanmu da yawa ciwo. Muka buɗe Littafi Mai Tsarki a hasken wuta, muka karanta 1 Korintiyawa sura 8 da Romawa sura 14, inda Bulus ya yi magana a kan nama da lamirin wani. Gaskiya ne, yawancin maganarsa a kan 'yan'uwa masu bi take, ba mu so mu ja ta inda ba ta je ba. Duk da haka mu dai mun ga tsohon ya fi mu gaskiya. Ba wanda ya tilasta masa. Ya san yana da 'yanci ya yanka, shi ya zaɓi ya miƙa wuƙar.

Muna cikin wannan yaran suka dawo. Akussa biyar sun zo wayam, ɗaya har da ƙullin gyaɗa a ciki na tukuici. Na shida ya dawo a rufe yadda ya tafi, an ce an gode. Muka dubi tsohon. Ya ce, "Shekara huɗu ke nan gidan nan suna mayarwa. Baɗi ma za a kai." Mama ta juye romon cikin tukunya ta rufe, shi muka ɗumama da safe muka karya kumallo kafin sujada.

Da za mu kama hanyar Gwarzo, Mama ta ba ɗan'uwanmu ƙafar tauren guda da ta ajiye, ta ce, "Malam ƙarami, ladan mai yanka ne, an manta jiya. Ga gidan can mai darbejiya a ƙofa." Ya tsaya jim, ya karɓa, ya tafi. Muka jira shi a mota wajen minti ashirin, gama malamin ya ce ba zai fita ba sai ya sha fura.