Zare: yadda na tayar da tsohon kwale-kwalen Baffa a bakin Tiga

1/ Duk wanda ya gaji tsohon kwale-kwale, ko yake shirin sayen na hannu, ya ɗan tsaya ya karanta wannan zaren. Fenti ba ya riƙe jirgi, jama'a. Abin da ke riƙe shi yana can ciki, inda ido ba ya saurin kaiwa.

2/ Ga waɗanda ba su san wajenmu ba: an gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano da ke ratsowa ta dajin Falgore. Tun daga nan su ya zama abincin gidaje da dama ta ɓangaren Bebeji da Tudun Wada. Gidanmu na ciki.

3/ Da ƙarfin Baffa ya ja baya, sai ya bar mini jirginsa na katako. Ya tsufa, yana yoyo, kuɗin sabo kuma babu. Na ce da hannuna zan gyara. Wani dattijon kafintan jirgi ya yarda ya riƙa leƙowa yana duba mini.

4/ Ranar farko bai bari na taɓa zarto ba. Ya miƙo mini ƙaramar guduma ya ce, "Yaro, bi shi ka ƙwanƙwasa tun daga kai har gindi." Lafiyayyen katako yana amsawa garau. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "dum". Inda ka yi shakka, soka sukudireba. In ta shige ba gardama, sa alama da gawayi.

5/ Abin mamaki, wurin da ke yoyon lafiyarsa ƙalau, tsaga ce kawai. Ɓarnar tana jikin katakan da ke gicciye a ciki, waɗanda Baba ke kira haƙarƙarin jirgi. Huɗu sun ruɓe daga ƙasa, daidai inda ruwa ke kwanciya in ba a kwashe ba.

6/ Ƙa'ida ta farko: kada ka cire haƙarƙarin nan gaba ɗaya. Su ne suka riƙe siffar jirgin, in ka kwashe su zai baje, ba kuma zai koma yadda yake ba. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Ka kafa sabo a gefen tsoho, ya kama sosai, sannan ka ɓamɓare ruɓaɓɓen. Da maɗaci muka yi, saboda yana jure ruwa.

7/ Ta biyu: in za ka yanke ruɓa, wuce ta har ka iske katako mai kyau. Ruɓa kamar tsutsar haƙori ce, ka bar kaɗan ta ci gaba. Yankan kuma a karkace ake yi, yadda sabo zai hau kan tsoho da faɗi, ƙusa ta samu wurin kamawa.

8/ Ta uku, wadda aka fi karyawa: facin langa-langa a kan ruɓa. Wallahi na ɓamɓare guda uku, ƙarƙashin kowanne katakon ya zama kamar burodin da ya jiƙa. Langa-langa ba ta hana ruwa shiga, fita take hana shi. Ƙusa ma nemi mai farin shafi, baƙa tana tsatsa ta cinye katakon da ke kewaye da ita.

9/ Sai toshe tsaga. A cusa tsumma ko auduga tsakanin katakai, a bi da narkakkiyar kwalta. Kar a danna da ƙarfin tsiya, don katako na kumbura in ya sha ruwa, yana buƙatar wuri. Kuma a kula fa: ɗigon ruwa a tukunyar kwalta mai zafi zai sa ta fantsamo maka a fuska.

10/ A inuwa muka yi aikin. Ranar hunturu da busasshiyar iska suna tsotse katako har ya tsattsage. Da muka gama, muka bar shi a ruwan bakin gaɓa kwana uku ya sha ya kumbura, tsagogin suka matse da kansu.

11/ Gwajin ƙarshe ba da mutane aka yi ba. Buhunan yashi muka loda a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, muka zauna muna kallon ko zai tsatso. Daga nan Baba ya ja layi da fenti a gefen jirgin ya ce, "Ranar da ruwa ya taɓa layin nan, ko ubanka ne ya zo, ya jira sahu na biyu."

12/ Ba wasa yake ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi ne ya yi masa yawa. Allah Ya jiƙansu. Ko jirgi sabo fil ne, yana da iyakar abin da zai ɗauka.

13/ Mako uku aikin ya ci. Yanzu ina fita kamun karfasa da tarwaɗa, kuma duk dawowa sai na kwashe ruwan ciki tas kafin in tafi gida. Rigar kariya biyu na saya kafin in sayi gwangwanin fenti.

14/ In kuna da jirgi a gida, gobe ku ɗauki guduma ku ƙwanƙwasa. In kuma ku fasinjoji ne, ku leƙa ƙasan jirgin kafin ku zauna. Ku tura wa ƴan uwanmu na bakin ruwa.