Godiya ga Malamin da Ya Zaga da Mu Cikin Birni

Malam, ranar da muka rabu a Ƙofar Mata yara sun gaji, direba yana ta danna oda, ban samu na yi maka godiyar da ta kamace ka ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na daɗe ina koyar da tarihin Kano a aji. Ɗalibaina sun haddace cewa Bagauda ya zo a 999, Gijimasu ya soma ganuwa, Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Suna amsawa a jarrabawa, amma yawancinsu, da haihuwarsu a garin nan, ba su taɓa hawa Dutsen Dala ba. Kai ka ce a ajiye mota, a taka da ƙafa, domin lungun cikin birni ba ya karɓar mai gaggawa.

A kan dutsen ba ka soma da Barbushe da Tsumburbura ba, ko da yake su yaran ke jira. Sai da ka sa kowa ya nemo Goron Dutse da idonsa, ya bi sawun badala inda ta rage, ya ga inda gidaje suka cinye ta. Wata yarinya ta tambaya me ya sa aka kewaye fili mai yawa haka. Ka ce da gonaki aka kewaye, don in maƙiya suka yi wa gari zobe kada yunwa ta buɗe musu ƙofa. Shekarata nawa ina karanta labarin ganuwa, ban taɓa jin an bayyana ta a taƙaice haka ba.

Inda na fi jin daɗinka shi ne gangarowarmu zuwa kasuwar Kurmi. Kowace unguwa muka shiga sai ka tsaya ka gaisa da dattawan da ke zaune a dakali, sannan ka faɗa mana su wa suka sauka a nan: Nufawa a Tudun Nufawa, Yarabawa a Ayagi, Larabawan Turabulus da Gadamas a Dandalin Turawa, zuriyar da ke danganta kanta da Shehu Magili a Sharifai. A ajina akwai ɗan Banufe, akwai ɗiyar Bayarabe, waɗanda wani lokaci abokan wasa ke ce musu baƙi. Na ga yadda suka miƙe wuya da suka ji kakanninsu na cikin waɗanda suka raya kasuwar da Rumfa ya kafa. Wannan kaɗai ya biya wahalar fitar.

Gidan Makama mun ratsa shi da sauri don azahar ta matso, amma ka tsayar da mu gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ka ba da labarin shigowar Turawa a 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato.

A karofi kuwa ka yi shiru, ka bar marina su yi magana da bakinsu. Su suka nuna wa yara baba da toka, da yadda ake tsoma zane a ɗaga ya sha iska kafin shuɗin ya kama. Rijiyoyi da dama sun cike da ƙasa, babu mai aiki a kansu, kuma ba ka ɓoye wa yaran wannan ba.

Da na miƙa maka ɗan abin da muka tara, ka ce in saya musu ruwa da shi. Malam, da shekarunka, da zafin ranar, ba ka zauna ba sai lokacin salla. Yanzu wasu daga cikin yaran suna zuwa mini da labarin da suka tono daga kakanninsu, suna tambayar yaushe za a koma, domin ba mu kai Gidan Ɗan Hausa ba.