Lizbon, Garin Mawaƙi Mai Ido Ɗaya

Da hantsi na shiga taragon lantarki mai lamba 28, yana ƙugi yana hawa tuddan Lizbon, har na sauka a dandalin mawaƙi Luís de Camões. A tsakiyar fili, kan daɓen ƙananan duwatsu baƙaƙe da farare, mutum-mutuminsa na tagulla yake tsaye tun 1867, takobi a hannun dama, littafi rungume a ƙirji. Duk rayuwar mutumin ke nan a dunƙule.

Camões ya sha wuya ba kaɗan ba. A Ceuta, bakin tekun Maroko, ya rasa idonsa na dama yana soja. A 1553 ya tafi Goa ta ƙasar Indiya, ya shafe shekara goma sha bakwai a gabas. Jirginsa ya nutse kusa da bakin kogin Mekong, kuma mutanen Fotugal har gobe suna ba 'ya'yansu labarin yadda ya yi iyo da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗage da takardun waƙarsa. A tsibirin Mozambik talauci ya tsare shi, sai da abokai suka yi masa karo-karo ya dawo gida a 1570.

Waƙar da ya tsamo daga ruwa ita ce Os Lusíadas, wadda António Gonçalves ya buga a 1572. Babi goma ne, baiti 1,102, kowane baiti ɗango takwas masu amsa-amo. Wanda ya taɓa zaman daidaita ƙafiya ya san gumin da ke cikin wannan. Tafiyar Vasco da Gama zuwa Indiya ya waƙe, har da zangonsa a gaban sarkin Malindi. Bai yi wa Musulman da aka tarar a kan hanyar adalci ba, wannan kuwa ya sosa mini rai. Amma gwaninta ko a hannun wa take, sunanta gwaninta.

Da la'asar na isa Belém, na shiga cocin Jerónimos. Daga ƙofa, kabarin Vasco da Gama na gefe guda, na mawaƙin na ɗaya gefen, tsayinsu ɗaya, darajarsu ɗaya. An sassaƙa mawaƙin kwance, hannaye haɗe a ƙirji, da alƙalami da garaya a jikin dutsen. Wata dattijuwa ta ɗaga jikanta don ya ga fuskar da kyau.

Sarki Sebastião ya yanka wa Camões ɗan fansho, amma cikin fatara ya rasu ran 10 ga Yuni, 1580. Ranar nan ce Fotugal ta zaɓa ta zama ranar ƙasa. Tana da sarakuna, tana da mayaƙa, amma ranar da mai alƙalami ya bar duniya take rufe ofisoshi ta tuna ko ita wace ce.