Hana cizo ko hana ci?

Kalmar "takunkumi" daga garke ta fito. Igiya ce da ake saƙawa a ɗaure bakin raƙumi ko jaki, don kada ya yi cizo, ko kada ya ci shukar mutane. Da ƴan jarida suka are ta zuwa siyasa, sai ta tafi da ma'anoninta biyu. Ni kuwa tun da na fara karatun harshe, in na ji ta a rediyo sai in tambayi kaina: wanne ake nufi, hana cizo ko hana ci?

Na hana cizo shi ne na makamai. A Fabrairun 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta kai makamai Libiya da fitar da su daga can. Amma da Gaddafi ya faɗi, bindigogin rumbunansa suka ratso Sahara, suka taimaka wajen hura wutar arewacin Mali a 2012. Mai safarar bindiga ba ya bin layin duwan, shi ya sa takarda ba ta tsayar da shi.

Na hana ci kuwa mun ɗanɗana shi. Kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki da Nijar. Nijeriya ta yanke kuran, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil da Jibiya, shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya. Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage, kuma mulki na hannun waɗanda aka ce ana matsa wa. Wannan takunkumin ya kama tsam, domin buhun shinkafa da kwalin insulin ta babbar hanya suke bi. Mai ciwon suga a Maraɗi bai yi juyin mulki ba, amma shi ya biya.

Ƴan uwa ɗalibai, kowa na da ra'ayinsa kan sojoji da CEDEAO, kuma ba wannan na zo sasantawa ba. Roƙona ɗaya ne: gobe wasunmu za su zama ƴan jarida da tafintoci. In gwamnati ta ce "mun sa takunkumi", kada mu maimaita haka kawai. Mu rubuta kayan da aka tare da sunansu, harsashi ne ko gero, mu kuma faɗi bakin wanda aka ɗaure.