Jinin Ƙanƙara a Tsaunukan Faransa

Gansakukar da na sani tun ina yaro ita ce wadda ke rufe bakin kududdufi da damina, ko ta yi kore shar a gindin randa. Abar ruwan ɗumi ce a wurina. Shi ya sa da ƙanen wani abokina, ɗan Damagaram mai karatun ilimin tsirrai a Grenoble, ya ce mini akwai irinta da ke rayuwa a cikin dusar ƙanƙara, sai na ce masa gani ya kori ji.

Muka bar Grenoble bayan sallar asuba, a tsakiyar watan Yuni. Hanyar ta bi kwari ta ratsa Bourg-d'Oisans, ta yi ta miƙewa tana shiga ramukan da aka huda cikin dutse, har muka wuce ƙauyen La Grave, inda tsaunin Meije ya tsaya mana a dama da farin rawaninsa. Cikin kamar awa biyu muka isa mashigar Lautaret, mita 2,058 sama da teku. Akwai lambun tsirran tsauni a wurin tun 1899, masu bincike na jami'ar Grenoble kuma nan suke yada zango. Ba mu daɗe ba, muka ajiye mota muka kama hawa da ƙafa ta wajen Galibier.

Ciyawa ta fara ƙarewa, sai ga ragowar ƙanƙarar hunturu kwance a kwazazzabai. Ta farko da muka taka ruwan ƙasa-ƙasa ce. Na ce, "To, ga ta nan." Ya yi murmushi ya ce, "A'a Yaya, wannan ƙurar gida ce." Ashe iska kan kwaso ƙurar Sahara ta tsallaka Bahar Rum da ita ta zube a kan waɗannan tsaunuka. Na murza ta a yatsa, na ji gari-garin nan da muke sharewa a kan tabarma lokacin hunturu.

Sai can sama, numfashi ya fara yi mini nauyi, muka tarar da abin da muka zo nema. Wani fili ne na ƙanƙara da aka yi wa yayyafin ja, kamar an zubar da zoɓo ya bi gangare. Faransawa na kiransa jinin ƙanƙara. Inda na taka, sawuna ya fito jajir fiye da kewayensa. Ya durƙusa ya kankaro kaɗan da cokali, ya bar shi ya narke a kan ɗan gilashi, ya sa a ƙaramin madubin ƙara girman da ya zo da shi. Na kanga ido. Ƙwallaye ne jajaye, kewayayyu, birjik, kowane da kaurin bango, ba wanda ke motsi.

"Yaya, wannan da kake gani koren gansakuka ce," in ji shi. "Koren yana ciki, ja ne ya lulluɓe shi."

Nan muka zauna a kan dutse ya warware mini zare da abawa. Abin da sanyi ke fara yi wa ƙwayar halitta shi ne ya sandarar da fatar da ke kewaye da ita, domin da maiƙo aka yi ta. Duk wanda ya ga yadda manja ke daskarewa a kwalba da sanyin Disamba, man gyaɗa kuwa yana nan yana zuba, ya fahimci dabarar. Gansakukar sanyi tana cika fatarta da irin maiƙon da ba ya saurin daskarewa, sai abinci ya ci gaba da shiga da fita. Tana kuma tara sukari a ruwan jikinta don kada ya yi ƙanƙara da wuri. Wasu danginta a Antatika har sinadari suke fitarwa mai manne wa ƙwayar ƙanƙara ya hana ta girma ta huda su. Akwai kuma koraye masu wutsiya biyu da ke iyo a ɗan siririn ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin dusar, suna neman inda haske ya yi musu daidai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun jan. Ni na ɗauka bargo ne na maganin sanyi, ashe laima ce ta maganin rana. A cikin sanyi, sashen da ke sarrafa haske ya mai da shi abinci yana tafiyar hawainiya, hasken kuwa bai fasa zubowa ba, ga shi a kan tsauni ya fi kaifi, ƙanƙara kuma tana maido shi ta ƙasa. Kamar injin niƙa ne ya rage gudu, mai zuba hatsi bai dakata ba. Rarar hasken nan ita ke ƙona ƙwayar, shi ya sa take tara jan launin da ake kira astazantin, wanda shi ne ke sa naman kifin salmon ja, ya tare mata abin da ya yi yawa.

Mutane sun daɗe suna mamakinta. A 1818 matuƙin jirgin ruwan Birtaniya John Ross ya ga jajayen gangare a gaɓar Girinlan ya ɗebo ruwansu ya kai gida. Sai a 2019 aka raɗa wa wannan iri sunan da ake kiransa da shi yanzu, Sanguina, daga kalmar jini a Latin.

Ina kallon gefen filin, inda jan ya fi yawa nan ƙanƙarar ta fi lotsawa, ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashi. Farar ƙanƙara korar zafin rana take yi, mai launi kuwa shanye shi take yi. Wani bincike na 2016 a yankin Atik ya nuna gansakukar kan rage hasken da ƙanƙara ke mayarwa da kusan kashi 13 cikin ɗari a lokacin narkewa. Ruwan da take samu ta rayu ke nan, kuma gidanta ne ke zagwanyewa da wuri. Abin ya dame ni, ganin ƙanƙarar waɗannan tsaunuka dama ja da baya take yi shekara da shekaru, halittar kuma ba ta da wani wurin hawa in ta kai ƙololuwa.

Da azahar ta yi na yi alwala da ruwan da ke gangarowa daga filin, yatsuna suka ƙage don sanyi. Shi kuma ya cika 'yan kwalabe uku da jar dusar, ya jera su cikin kula, ya danna farar ƙanƙara a kansu ya rufe, don kada zafin mota ya lalata su kafin mu isa Grenoble.