Ruwan nan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota

To jama'a, ku matso kafin shayin ya dahu. Maganar nan tsakaninmu ce, don na lura da yawanmu kunyar tambaya muke ji. Mutum ya samu 'yar motarsa, ya taso daga Haɗeja da esi a kunne, ya faka a ƙofar gida nan Auyo, sai yaro ya rugo: "Baba, motarka tana zubar da ruwa!" Nan take gabansa ya faɗi, ya fara lissafin kuɗin bakanike alhali na taki ma bai gama biya ba.

Ku kwantar da hankalinku. Galibi ruwan nan daga iska yake, mota ba ta yi asarar komai ba. A bayan dashbod akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙananan ramuka, gas ɗin esi ke ratsa shi yana sanyaya shi har ya kusa ƙanƙara. Fanka na tura iska ta bi ta kansa, sai danshin da ke cikinta ya zama ruwa ya kwanta a jikin ƙarfen, kamar yadda ledar fiya wata ke yin gumi in an ciro ta daga kula. Iskar da ta cika fili mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, in zafinta digiri 30 ne, tana iya riƙe ruwa wajen giram 30. In ta sauko digiri 5, giram 7 ma da ƙyar. Sauran dole ta sauke shi. Shi ya sa masu ƙera mota suka sa wani ɗan tiyo na roba da ke fitar da shi ƙasa, yawanci saitin ƙafar mai zaman gaba.

Mu kuwa a cikin ruwa muke zaune. Ga Kogin Haɗeja, ga fadama, ga magudanan noman rani, ga gonakin shinkafa iya ganinka. A watan Agusta, lokacin marka, iskar garin nan jiƙe take sharkaf, har riga takan manne a baya. Lokacin ne za ka ga mota ta tsaya minti kaɗan ta jiƙa ƙasa. Amma ku lura da Janairu, sa'ad da hunturu ke tsaga leɓe: ko ka kunna esi, da wuya ka ga ɗigo. Haka ma Maris da farkon Afrilu, rana na dukan mutum sama da digiri 40, amma ruwan kaɗan ne, don iskar a bushe take.

Saboda haka in wani ya ce maka gas ne ke zuba, kawo kuɗi a ƙara, ka nemi ya nuna maka. Gas in ya samu kafa iska yake bi, alamarsa kuma ita ce sanyi ya ragu.

Inda nake so ku buɗe kunne shi ne ruwan lagireto, don shi kam ba a wasa da shi. A ƙa'ida yana da launi, kore ko ja, yana da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, kuma guba ne, kada a bar akuya ko kaji su sha. Sai dai mu nan da yawa ruwan rijiya muke ɗura wa lagireto, to launi ba zai raba maka gardama ba. Ka tsuguna ka taɓa. Na esi sanyi gare shi, garau yake, ba wari. Na lagireto da ɗumi, sau da yawa da jan tsatsa, kuma daga gaba yake zuba, ƙarƙashin bonet. Ka dubi allurar zafi, da safe kuma ka dubi robar ruwan lagireton ko ta ragu. Don Allah kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, tafasasshen ruwa ne zai watso masa a fuska.

Ni abin da ya fi damuna ma shi ne motar da ba ta ɗiga ba a tsakiyar damina alhali esi na kunne. Galibi ma'anarsa tiyon esin nan ya toshe. Ƙurar hunturu kan taru a ciki, zanzaro kan yi gini a bakinsa, ga kuma lakar hanyoyinmu, musamman bayan ambaliya irin ta 2018 da 2022. Ruwan sai ya koma ciki, ka ɗaga tabarmar ƙafa ta gaba ka tarar da kafet jagab, mota na warin ruma, a hankali ƙasanta ya fara tsatsa, wayoyin lantarki su jiƙe. Gyaran kuwa ba wani abu ba ne: mai gyaran esi zai shiga ƙarƙashi ya matsa bakin robar ko ya hura mata iska, ruwan da ya taru ya zubo gaba ɗaya. Daga nan ka buɗe ƙofofi a rana har kafet ɗin ya bushe sarai kafin ka mayar da tabarmar.